Tambaya da Amsa: Wane horo ne ke shirya ma'aikatan asibiti don ranar da bala'i ya auku?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a yankin Katagum, Jihar Bauchi. Kusan kowace shekara ana tura wani daga cikinmu bita kan shirin ko-ta-kwana, ya dawo da takardar shaida, amma ranar da aka kawo mana mutanen da suka yi hatsarin mota a lokaci guda, sai wuri ya rikice, kowa ya rasa abin da zai fara yi. Wane irin horo muke buƙata, kuma ta yaya asibitin da ba shi da kuɗi zai same shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Bita tana da amfani, sai dai iliminta yakan tsaya a kan mutum ɗaya, alhali kuwa bala'i yana samun waɗanda ke bakin aiki ne a wannan sa'a, kuma sau da yawa cikin dare, lokacin da wanda ya je bitar yake gida. Saboda haka horon da kuke buƙata shi ne atisaye a cikin asibitinku, da kayan da kuke da su, tare da kowa da kowa, tun daga likita har maigadi.

Ku fara da rubuta bala'o'in da suka fi kusa da ku. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa Jama'are da Azare, ga manyan motoci dare da rana, kuma ba mu manta da fashewar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024 ba, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Ambaliya ta yi ɓarna a arewacin Bauchi a 2022 da 2024, sannan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta nuna cewa ruwa na iya shiga asibitin kansa, kamar yadda ya shiga asibitin koyarwa na Maiduguri. Sai kwalara da damina, da zazzaɓin Lassa da rani.

Abin da ya fi kamata ku ƙware a kai shi ne tantance majinyata, domin rashinsa ne ya haifar da ruɗanin da kika bayyana. Idan mutum ashirin suka iso, ma'aikata kuma huɗu ne, zuciya takan ja mutum wurin wanda ya fi ihu, alhali mai ihu yana numfashi kuma yana cikin hayyacinsa, wanda ya yi shiru a gefe shi ne wataƙila jini ke zuba a cikinsa. Tsarin da aka fi amfani da shi yana da launi huɗu da ake ɗaura wa majinyata a matsayin alama. Da farko a ɗaga murya a ce duk mai iya tafiya ya koma gefe guda, waɗannan su ne kore, za su iya jira. A cikin sauran, babban mutum da numfashinsa ya wuce sau 30 a minti ɗaya, ko ba a jin bugun jini a wuyan hannunsa, ko ya kasa bin umarni mai sauƙi kamar a ce ya matse hannunki, shi ne ja, kuma shi za a fara kulawa da shi. Wanda ba ya iya tafiya amma ya tsallake waɗannan alamomi uku, rawaya ne. Wanda kuwa ba ya numfashi ko bayan an buɗe masa hanyar iska, baƙi ne. Mai tantancewa ba ya wuce minti ɗaya a kan mutum, kuma abu biyu kaɗai yake yi da hannunsa, wato buɗe hanyar iska da tsayar da jini mai kwarara, sannan ya wuce gaba. A riƙa sake dubawa, domin mai rawaya yana iya komawa ja cikin ɗan lokaci. Barin wanda aka ɗaura wa baƙi abu ne mai nauyi ƙwarai a zuciyar ma'aikacin lafiya, shi ya sa nake ganin wajibi ne a tattauna shi tun kafin ranar, kuma a ɗora shi a kan wanda ya fi gogewa.

Bayan wannan sai jagoranci. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni, kuma a rubuta aikin kowa a kati a manna a bango. Maigadi ya san cewa aikinsa shi ne tsare ƙofa da ware wa 'yan'uwan majinyata wurin zama cikin mutunci, a kuma naɗa wanda zai riƙa yi musu bayani, domin cunkoson dangi shi ke toshe hanyar aiki. A san wanda zai kira ma'aikatan da ke gida, da jami'an kiyaye haɗurra, da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA), da wanda zai sanar da asibitin tarayya na Azare ko asibitin koyarwa na Bauchi kafin motar majinyata ta tashi. Mai karɓar kati ma ya sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta hana mutum kulawar gaggawa, kuma wata doka ta 2017 ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Ɓangaren annoba yana buƙatar nasa atisayen. Bauchi na cikin jihohin da Lassa ta fi addaba tare da Ondo da Edo, kuma ma'aikatan lafiya sun sha kamuwa da ita wajen aiki, don haka a maimaita sanya kayan kariya da cire su bi da bi, musamman cirewar, wadda a nan ne aka fi taɓa ƙwayar cuta. Game da kwalara, kowa ya iya haɗa ruwan kulorin: kashi 0.05 cikin ɗari don wanke hannu, kashi 0.2 don gadaje da daɓe, kashi 2 don amai da bahaya.

Batun kuɗi kuwa bai kai yadda ake zato ba. Ƙyallaye masu launi huɗu da tela zai yanka muku sun isa alamar tantancewa. Ku gayyaci ɗaliban aikin jinya ko 'yan agaji na gari su kwanta a matsayin majinyata, kowa da takarda a ƙirjinsa mai bayanin rauninsa da yanayin numfashinsa, a duba agogo a ga minti nawa aka ɗauka kafin a gano masu ja. Bayan an gama a zauna a faɗi inda aka samu tangarɗa ba tare da zargin kowa ba, domin idan aka kunyata ma'aikaci sau ɗaya ba zai ƙara faɗin gaskiya ba. A ganina a yi haka duk bayan wata uku, wani lokacin da dare ba tare da sanarwa ba, tunda ƙwarewar hannu tana dusashewa cikin watanni idan ba a aiki da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross ta duniya sun fitar da darasin kulawar gaggawa na matakin farko, ana samun littafinsa kyauta a intanet, kuma zai yi muku jagora. Ki nemi shugaban asibitinku ya ware muku sa'a ɗaya kafin damina ta kankama, ya kuma sa wanda ya je bitar ƙarshe ya jagoranci atisayen farko.