Na yi makarantar masu buƙata ta musamman, zan iya zama nas?

Tambaya: Anti salamu alaikum. Tun ina shekara 6 sanƙarau ya taɓa min ji, da na'ura nake ji, shi ya sa aka kai ni makarantar masu buƙata ta musamman har na gama sakandare. Burina aikin nas, amma a gida cewa ake in haƙura in koyi ɗinki, har ni ma na fara ganin kamar kaina ba zai ɗauka ba. Dan Allah gaskiya nake so.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya kika nema to ga ta. Na daɗe ina koyar da ɗaliban jinya, ban taɓa ganin inda hukumar nas da ungozoma ta Najeriya ta ce sai wanda ya fito daga makaranta kaza ba. Abin da take nema kiredit 5 ne, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO. Su kike da su? Nan ne nake jin tsoro ba kunnenki ba, don makarantun nan da yawa ba su da ɗakin gwaji balle malamin Kemistiri da ya iya maganar hannu, sai yaro ya fito yana zaton shi ne daƙiƙi alhali ba a koya masa ba ne kwata-kwata. In da giɓi ki shiga lesin ki sake zama, ki yi JAMB, sannan ki zaɓa, ko kwalejin jinya ko digiri na shekara 5 a jami'a irin BUK ko ABU.

Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai wahala. A kwalejin jinya, wata shidan farko da muke kira PTS masu kunne garau ma kuka suke, ana zubar da mutane sosai. A ɗakin marasa lafiya kuma kowa da takunkumi a fuska, in kina dogara da kallon leɓe kin ga matsala, ga miƙa aiki da asuba ana magana da sauri ƙasa-ƙasa. Maganinsa ki daina jin kunyar cewa a maimaita, umarnin magani kuwa ki ce a rubuta, wannan ma ƙa'idar aiki ce ga kowa. Akwai abin sauraron ƙirji mai ƙara sauti, awon hawan jini kuma yanzu akwai na'ura mai lamba da ke yi.

Kafin ki sayi fom ki je wajen likitan kunne a auna jinki ki riƙe takardar, dama za a nemi shaidar lafiya. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 tana bayanki, har ta yi maganar kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, duk da dai aiwatarwar sai a hankali.

Su Umma kuma kar ki ƙullace su, tsoro suke kar a wulaƙanta ki. Ki nemi izini ki yi sati biyu kina taimakawa a asibitin sha ka tafi na unguwarku, ki lura da abin da ke wuce ki da wanda ba ya wuce ki, sai ki sake rubuto min mu duba tare.