Jin kiɗa baiwa ce ko koyo ne?

'Yar'uwa, kin tambaya ko jin kiɗa da shi ake haihuwar mutum, ko kuwa koyo ne yake gyara ƙwaƙwalwa, tunda ɗanki mai shekara 6 ya addabi robobin gida da duka.

Ina ɗan shekara 8 kawuna ya ɗora ni a kan kuntuku, 'yar ƙaramar gangar da ke raka kalangu, shi yana riƙe da kalangu. Wata da watanni bugu ɗaya nake ta maimaitawa. Faɗansa kullum ɗaya ne: "Jira kake ka ji ni, shi ya sa kake makara. Ka san inda zan sauka tun ban sauka ba." A lokacin haushi nake ji, sai da na girma na fahimce shi. Ƙwaƙwalwa ba ta zaman jiran sauti, kintatar zuwansa take yi. Ki duba mata masu lugude: taɓarya uku a turmi ɗaya, ba wadda ke karo da wata, don kowacce ta san gurbinta tun kafin ya zo.

A 2007 masu bincike Jessica Grahn da Matthew Brett sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a Ingila, suna sauraron bugu, ko yatsa ba su ɗaga ba. Duk da haka sassan da ke tsara motsin jiki suka kama aiki, kuma a wajen waɗanda suka koyi kiɗa aikin wasu sassan ya fi ƙarfi. Wato koyo yana ƙulla kunne da hannu.

Baiwar ma akwai ta, kusan kowa da rabonsa. A 2009 an gwada jarirai sababbin haihuwa a ƙasar Hangari, aka ga ƙwaƙwalwarsu tana amsawa idan an tsallake bugun da ya kamata ya zo. Shekaru kuma suna da tasiri: binciken Gottfried Schlaug na 1995 ya nuna gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa ta fi kauri ga makaɗan da suka fara kafin shekara 7. Ɗanki yana kan gaɓa ke nan.

Kada dai wani ya ruɗe ki cewa kiɗa zai mayar da shi gwanin lissafi. Abin da na shaida shi ne nutsuwa, da iya sauraron wani alhali hannunka yana aiki. Ki sama masa abokin bugu, ko ke ce ki riƙa tafa masa a hankali yana bi, sannan ki ɗauke tafin na ɗan lokaci ki ga ko zai riƙe bugun har ki dawo.