Kafin ka sayi monita, ji abin da wata ta ja min

Jiya muna rufe shagonmu na hoto da bugu ka tambaye ni wai wace monita za ka saya tunda ka tara 'yan kuɗinka, kuma wai abokinka ya ce maka ka nemi mai 144Hz ita ake yayi. Ban amsa maka a lokacin ba saboda raina ne ya ɓaci, tambayar ta tuno min da wani aiki da har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina.

Shekara 12 kenan, lokacin ko kai ba ka san hanyar shagon nan ba. Wani Alhaji ya kawo min aikin bikin 'yarsa, alban guda 6 manya da kalanda 500 na rabawa baƙi. Ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. A lokacin ina aiki da wata monita mai ƙyalli da na saya saboda ta burge ni a kanti, haskenta kamar fitilar mota, farinta kuma ya karkata zuwa shuɗi ni ban sani ba, don ido in ya saba da abu shikenan ya ɗauka daidai ne. To duk hoton da na buɗe sai in ga ya yi haske da yawa in rage, in ga fatar mutane ta yi fari fat ba jini in ƙara ja da ruwan ɗorawa. Kwana 4 ina wannan aikin har da kwanan shago a kan janareta. Alhajin da kansa ya zo ya zauna a kujerar nan da kake zama, ya duba hotuna ɗaya bayan ɗaya ya ce madalla a buga.

Da aka kawo daga wurin bugu na buɗe kwalin a bakin ƙofa cikin rana, wallahi ƙafata sai da ta yi sanyi. Fuskar amarya kamar an shafa mata manja. Farar shaddar ango ta koma kamar an wanke ta da ruwan kududdufi, ankon ƙawaye ruwan hoda ne amma a takarda ruwan goro ya fito, kuma komai ya yi duhu, gyalen uwar amarya mai aikin zare baƙi ƙirin ba ka ganin aikin ko kaɗan. Na je na yi ta faɗa da mai injin bugu, mutumin bai ce min komai ba, buɗe fayil ɗin kawai ya yi a tasa monitar da aka saita, na ga manjan nan da idona. Abin da na tura masa shi ya buga.

Laifina ne na ɗauka, na sake gyara komai na sake bugawa da kuɗin aljihuna. Amma ka ji abin da mutumin nan ya yi min. Ya turo direba ya kwashe na biyun, ya ce a haɗa masa da na farkon wai zai nuna wa iyali bambancin, cikon kuɗi kuma in zo gida gobe. Goben nan har yau. Na yi sawu ya fi 10, kullum ya yi tafiya ko yana barci. Daga baya na shiga wani shagon ɗinki na ga kalandar farko, mai manjan, rataye a bango. Wato duka biyun ya raba wa mutane, kalanda 1000 a kan rabin kuɗin 500. Na bar shi da Allah amma ban yafe ba.

To yanzu kai. Mu aikin hoto da bugu muke yi, 144Hz ɗin nan na masu wasan gem ne, ma'anarsa sikirin na sabunta hoto sau 144 a sakan ɗaya, hoton amarya kuwa ba gudu yake ba, 60Hz ta ishe ka har ka tsufa. Haka 1ms da suke rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali, wato saurin da sikirin ke canza launi, in ka kunna saitin da ke kai ta wannan saurin sau da yawa sai ka ga wata inuwa na bin abin da ke motsi. Ku yaran yanzu lamba kawai kuke bi, wadda ta fi girma ita ce mai kyau, ba wanda zai tsaya ya tambaya lambar me ce.

Abin da za ka nema monita mai sikirin IPS, nau'in da launinsa ba ya juyewa in ka kalle shi ta gefe. Kar ka yarda a liƙa maka mai nau'in sikirin TN, gwajinta ba wuya, ka buɗe hoton fuska ka ɗan durƙusa ka kalle ta daga ƙasa, in launin ya juye ya yi duhu ka ajiye musu abarsu. Monitar ta cika sRGB, wato ma'aunin launukan da yawancin hotuna ke bi, kashi 99 ko 100 cikin ɗari. Mai ɗaya ma'aunin, Adobe RGB, ta fi faɗi wajen kore da shuɗi mai ruwan kore amma tsada gare ta kuma in ba ka iya sarrafa ta ba ɓarna za ta ƙara maka, ba yanzu ba. In ta hannu za ka saya, irin su Dell UltraSharp da ake samu, ka cika sikirin da fari zalla sannan ruwan toka, ka duba kusurwoyi ko sun yi rawaya ko akwai tabo, tsohuwar monita ta nan take tona kanta.

Saiti kuma da ido ba ya yiwuwa, idon ne ya cuce ni. Na'urar auna launi ake rataya wa a fuskar monitar, Spyder ko i1Display, tawa tana cikin durowar da nake hana ku taɓawa. Ka bar monitar a kunne minti 30 tukuna. Farin ka sa shi 6500K, gamma, wato yadda take hawa daga duhu zuwa haske, 2.2, haske wajen nit 120, in shagon da duhu ka sauko zuwa 100. Ranar farko za ka ga kamar ta dushe har ka ji kamar ka ƙara, kar ka taɓa, takarda ba ta da fitila a bayanta. Na'urar za ta haɗa maka furofayil na ICC, fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta yadda monitar ke nuna launi, ka tabbata Windows shi ta ɗauka, kuma ka kashe Night light ɗin nan mai sa sikirin ya yi rawaya da kuke kunnawa da dare, na kama ka sau 2 kana gyaran fata da shi a kunne. Duk wata ka maimaita awon. Kar ka ajiye ta tana fuskantar taga, kuma kowane babban aiki ka buga gwaji ɗaya ƙarami ka fita da shi waje ka gani, kwastoma ya sa hannu a bayan takardar, ba a sikirin zai ce madalla ba.

Kar ka ba kowa kuɗinka tukuna. Ranar Asabar ka zo da wuri mu je kasuwar tare, ka sa hoton fuska ɗaya da farin shafi da na ruwan toka a filashi ka taho da shi.