Ciwon da ke daskarar da jini a cikin jijiyoyi: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, domin duk a kan ciwo ɗaya suke, wanda likitoci ke kira antifosfolifid.

Tambaya: Likita, ciki huɗu na yi. Uku sun zube kafin wata uku, na huɗun kuma yaron ya rasu a ciki yana wata shida. An gwada jinina an ce an ga alamar wannan ciwo, amma aka ce in dawo bayan wata uku a sake gwadawa. Me ya hana a fara mini magani?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Abin da ke faruwa shi ne, garkuwar jiki tana ƙera wasu ƙwayoyin kariya bisa kuskure, su riƙa kai wa sunadaran da ke cikin jinin mutum hari. Sai jinin ya riƙa yin gudaji inda bai kamata ba. Idan gudajin ya toshe ƙananan jijiyoyin mabiyiya, abinci da iska ba sa isa ga ɗan da ke ciki yadda ya kamata. Wani likitan ciwon gaɓoɓi a Landan, Graham Hughes, shi ya bayyana ciwon a 1983.

Jiran da aka ce ki yi ba wasa ake yi da ke ba. Zazzaɓi ko wata cuta mai wucewa kan sa gwajin ya nuna alama na ɗan lokaci, daga baya ta ɓace. Shi ya sa ƙa'ida ta ce sai an gan ta sau biyu, da tazarar mako 12 aƙalla. Amma idan kika ga ɓatan wata kafin lokacin, kada ki jira, ki koma wurin likitanki a makon. Maganin mai ciki shi ne asfirin ɗan ƙaramin ma'auni, da allurar hefarin mai tsinka jini da ake yi a ƙarƙashin fata kullum, har zuwa kamar mako shida bayan haihuwa. Da wannan, fiye da mata 70 cikin 100 suna rungumar jaririnsu da rai.

Tambaya: Ƙanwata tana da ciwon lufus, wanda garkuwar jiki ke yaƙar jikin mutum da kanta. Ta kwanta da zazzaɓi, cikin kwana biyar fitsari ya ɗauke, numfashi ya gagara, yatsun ƙafarta suka yi baƙi. Tana sashen kulawa ta musamman. Na ji likita yana cewa "ciwon Asherson". Mene ne shi, kuma ana tashi?

Amsa: Malam, ana tashi, amma ba zan ɓoye maka ba, ciwo ne mai haɗari ƙwarai. Shi ne nau'in antifosfolifid mafi tsanani. A wanda aka saba gani, jijiya ɗaya babba ce ke toshewa, a ƙafa ko huhu ko ƙwaƙwalwa. A wannan kuwa, ƙananan jijiyoyi ne birjik ke toshewa lokaci guda, sassan jiki uku ko fiye su kamu a cikin mako ɗaya. Ƙoda, huhu, ƙwaƙwalwa, zuciya da fata su suka fi shan wahala. Bai kai mutum ɗaya cikin 100 na masu antifosfolifid da ke kaiwa wannan mataki ba.

Sunan kuwa na Ronald Asherson ne, likitan ciwon gaɓoɓi ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya yi aiki tare da Hughes a Landan. A 1992 ya rubuta cewa akwai wasu marasa lafiya da jikinsu ke rushewa gaba ɗaya cikin kwanaki, kuma abin nasu ba guba ce ta cuta a jini kawai ba, nau'i ne na daban da ya cancanci sunansa. Kafin nan, irin waɗannan mutane sukan rasu ana cewa ƙoda ce ta gaza, ko cuta ce ta shiga jini, kowane likita yana kallon sashen da ya ƙware a kai.

Ni a ganina, babban aikinsa ya wuce raɗa suna. Ciwon da ba safai ake ganinsa ba yana da wata matsala: likita zai iya yin shekara talatin yana aiki bai gamu da shi fiye da sau ɗaya ko biyu ba, to ina zai samu ƙwarewa? Asherson da abokin aikinsa Ricard Cervera na Basalona a Sifaniya suka dage wajen tattara labarin kowane majinyaci da aka ruwaito a duniya. A 2000 aka buɗe kundi na musamman don wannan, wanda yanzu ya ƙunshi ɗaruruwan marasa lafiya. Daga wannan tarin aka gano cewa abin yakan biyo bayan wani abu da ya tunzura shi, galibi cutar ƙwayoyin cuta, sai tiyata, ciki da haihuwa, ciwon daji, ko daina shan maganin tsinka jini. Daga nan kuma aka ga cewa waɗanda aka haɗa musu magani uku sun fi tsira: hefarin, maganin kwantar da garkuwar jiki mai ƙarfi ta jijiya, da kuma sauya ruwan jini da na'ura ko ƙarin sinadarin garkuwa ta jijiya. A rahotannin farko, rabin masu ciwon ne ke rasuwa. A na baya, adadin ya sauko zuwa kusan ɗaya cikin uku. Asherson ya rasu a 2008, amma kundin yana nan ana ƙara masa.

Na taɓa tsayawa a kan wata matashiya da aka kawo a irin halin ƙanwarka. Abin da ya fara ja mini hankali shi ne fatar gwiwoyinta, ta yi zane shuɗi-shuɗi kamar an shimfiɗa mata raga. Da na tambayi mahaifiyarta, sai ta ciro kwalin magani daga jaka, ta ce ya ƙare kwana goma da suka wuce. Wannan kwalin ne ya nuna mana hanya. Don haka jin likitan ƙanwarka ya ambaci sunan nan tun da wuri ya kwantar mini da hankali, domin alama ce ya san abin da yake fuskanta. Ku kai masa duk magungunan da take sha, ku gaya masa ko ta tsallake wani, kuma ku tambaye shi ko an fara magungunan nan uku.

Tambaya: Shekara uku ina shan wafarin, maganin tsinka jini, tun da jini ya daskare mini a ƙafa. Na gaji da zuwa gwajin INR na auna tsinkewar jini. An ce akwai sababbin ƙwayoyi da ba sa buƙatar gwaji. In canza?

Amsa: Na san akwai gajiya, Alhaji, amma kada ka canza da kanka. Sababbin ƙwayoyin suna da amfani ga wasu masu daskarewar jini, sai dai a wannan ciwo labarin ya bambanta. A Italiya an kwatanta ɗaya daga cikinsu, ribarokzaban, da wafarin a kan mutum 120 waɗanda gwaje-gwajen jini uku na ciwon duk suka nuna alama a jikinsu. Sai da aka dakatar da binciken kafin lokacinsa, sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna mutum 11 sun samu matsala a ɓangaren sabon maganin, biyu kacal a ɓangaren wafarin. Ka nemi a gaya maka gwaji nawa ne ya nuna a jininka, kuma ka riƙe INR ɗinka tsakanin 2 da 3, sai fa in likitanka ya sa maka wani ma'auni. Ko cire haƙori za a yi maka, ka sanar tun kafin ranar, a tsara yadda za a bi da maganin.

Tambaya: Ina da ƙwayoyin kariyar nan a jini amma ban taɓa samun gudaji ba. Zan iya shan ƙwayar tazarar haihuwa?

Amsa: Ki guji mai ɗauke da sinadarin istirojin, 'yar'uwa, domin shi kansa yana ƙara wa jini saurin daskarewa. Akwai hanyoyin da babu shi, kamar wadda ake sawa a mahaifa, ki zauna da likitan mata ku zaɓa. Idan kuma wata rana ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe miki kwatsam, ko baki ya karkace, ki tafi asibiti a take, ki faɗa musu sakamakon gwajinki tun daga bakin ƙofa.