Ku Tambaya Mu Amsa: Me Wani Yanki Zai Koya Daga Wani Kan Ambaliyar Ruwa?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo sun fi karkata ga batun ambaliyar ruwa, musamman yadda yankuna da ƙasashe ke koyo daga juna kafin damina ta kankama. Mun zaɓi huɗu daga ciki, kuma mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne mai koyar da labarin ƙasa. Nakan ji a rediyo cewa masana daga ƙasashe daban-daban sun hallara domin musayar bincike kan ambaliya, amma a ganina kowane wuri da irin ruwansa da irin ƙasarsa. Me mutumin da ruwa ke shirin cinye wa gona zai ƙaru da shi daga irin waɗannan taruka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam, Allah ya ƙara basira. Babban abin da zai ƙaru da shi shi ne lokaci, domin ruwan da ke cinye gonar mutum sau da yawa a sararin samaniyar wata ƙasa ya sauka. Ɗauki Kogin Neja, wanda muka fi sani da Kwara. Ya taso ne daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar fiye da kilomita 4,000 ta Mali da Nijar da iyakar Benin, kafin ya ratsa Najeriya ya zube a teku. Ruwan da ya sauka a Gini da damina yakan bazu a makekiyar fadamar tsakiyar Mali ya yi jinkiri na watanni, shi ya sa kogin ke sake cika a Yamai wajen Janairu da Fabrairu, ana tsakiyar hunturu babu ko ɗigon ruwa daga sama. Akwai kuma wata cikar ta daban a Agusta da Satumba, wadda ruwanta ja ne saboda ƙasar da rafukan Sirba da Gorouol da Dargol ke kwasowa daga ɓangaren Burkina Faso, kuma ita ce mai zuwa da gaggawa. Ke nan wanda ke auna ruwa a garuruwan Koulikoro ko Mopti na ƙasar Mali yana riƙe da labarin da mutanen gangaren kogin za su buƙata nan gaba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙasashe tara suka kafa Hukumar Kula da Kwarin Kogin Neja a 1980, mai hedikwata a Yamai, birnin da cibiyar AGRHYMET ita ma take tun 1974, wadda ke tara masana yanayi da na ruwa kowace shekara su fitar da hasashen damina na yankin Sahel.

Haka lamarin yake a Kogin Binuwai. Madatsar ruwa ta Lagdo da ke arewacin Kamaru ta fara aiki a 1982, kuma duk lokacin da ta cika aka buɗe ƙofofinta, ruwan yakan bi ta Yola da Makurɗi har Lakwaja, inda ya haɗu da Kwara. A ambaliyar 2012 mutum 363 ne suka rasu a Najeriya, fiye da miliyan biyu suka rasa muhallinsu, sannan a 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Sai dai zai zama rashin adalci a ɗora wa Lagdo komai, domin kogunan Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala suna zuba ruwa mai tarin yawa a Binuwai daga cikin Najeriya kanta. Wannan ya nuna cewa musayar bayani tsakanin jiha da jiha tana da muhimmanci kamar wadda ake yi tsakanin ƙasa da ƙasa.

Ta fuskar bincike kuwa, ga misali ɗaya da zai yi maka amfani a aji. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, masu auna rafuka a Burkina Faso da Nijar sun lura da wani abin mamaki: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke kwarara cikin rafukan ya ƙaru. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa raguwar itatuwa da ciyayi ta sa fuskar ƙasa ta taurare ta yi ɓawo, ruwa ya daina nutsewa ya koma gudu a kanta. Duk yankin da ƙasarsa ta zama faƙo irin haka yana iya ɗaukar wannan sakamako ya fahimci dalilin da ya sa ruwan da a da ba ya tayar da hankali yanzu yake rushe gidaje, ba sai ya shafe shekaru yana maimaita binciken daga tushe ba.

Tambaya: Gaisuwa da fatan alheri. An ce ƙasar Holan ta fi kowa iya tare ruwa. Me ya hana ƙasashe masu fama da ambaliya su kwaso tsarinta sukutum su aiwatar, kowa ya huta?

Amsa: An gwada wani abu mai kama da haka, kuma sakamakonsa ya cancanci a tsaya a kansa. Gaskiya ne cewa bayan ambaliyar teku ta 1953, wadda ta halaka mutum 1,836, Holan ta gina manyan madatsu da jinga irin waɗanda duniya ke zuwa kallo. A shekarun 1960 an kewaye filaye masu yawa a gaɓar tekun Bangaladash da jinga bisa irin wannan tsari, kuma da farko noma ya bunƙasa. Amma kogunan Bangaladash suna ɗauke da laka mai yawan gaske daga tsaunukan Himalaya, lakar da a da take bazuwa a filaye tana ɗaga su. Da aka tare ta sai ta riƙa taruwa a cikin kogunan, har gadon kogi ya fi gonakin da ke bayan jingar tudu, ruwan sama ya rasa mafita ya kwanta wata da watanni. A shekarun 1990 manoman wasu yankunan kudu maso yamma suka fasa jingar da hannunsu domin ruwa ya shigo da laka ya cike kwarin, kuma daga baya hukumomi suka karɓi wannan dabara suka mayar da ita tsari. Su kansu mutanen Holan, bayan da cikar koguna ta tilasta kwashe kimanin mutum 250,000 a 1995, sun koma ga manufar bai wa kogi fili, har a birnin Nijmegen aka ja jinga baya da mita 350.

A ra'ayina, abin da ya fi jure tafiya daga wannan yanki zuwa wancan shi ne hanyar aiki, wato yadda ake auna ruwa, da yadda ake yanke shawarar wanda zai yi shela da lokacin da zai yi ta. Bayan ambaliyar Mozambik ta shekarar 2000, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane, an kafa tsarin gargaɗi na al'umma a kwarin Kogin Buzi, kuma darasin an ɗauko shi ne daga ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka, waɗanda guguwar Mitch ta ɗaiɗaita a 1998. Mazauna tudu suna auna ruwan sama da tsayin kogi, su aika da saƙo ta rediyon oba-oba, na gangare kuma su ɗaga tutoci masu launi daban-daban su bi gari da amsa-kuwwa. Tsarin ya karɓu ne domin mutanen da aka koyo daga wurinsu suna da irin ƙarancin kuɗi da kayan aiki da masu koyon ke da shi.

Tambaya: Ni shugabar wata ƙungiyar mata ce mai aikin sa-kai. Ba mu da na'urori, ba mu da masana. Shin muna da wani abin da za mu bayar a wannan musaya, ko mu masu karɓa ne kawai?

Amsa: Kuna da shi, hajiya, kuma masana suna matuƙar buƙatarsa. Tauraron ɗan Adam da kwamfuta suna iya hasashen cewa ruwa na tafe, amma hasashen ba ya inganta sai an gwada shi da abin da ya auku a ƙasa, kuma tashoshin auna koguna sun yi ƙaranci a yawancin Afirka. Ma'aunin kogi a asalinsa sanda ce mai lambobi da ake kafewa a jikin ƙafar gada. Mutum ɗaya ya je da safe ya duba lambar da ruwa ya taɓa, ya rubuta kwanan wata da awa da lambar a littafi, ya sake komawa da yamma, idan kuma ya ga ruwa ya haura jan layin da ke nuna haɗari sai ya buga waya ga garin da ke gangare. Bayan ambaliya ta janye, ku shafa fenti a daidai shatin da ruwa ya bari a bango ku rubuta shekarar a gefensa, sannan ku zauna da dattawa ku rubuta tsofaffin hanyoyin ruwa da kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu. Littafin da aka cika shekara biyar ba tare da tsallake rana ba abu ne mai daraja ƙwarai a wurin duk mai binciken ruwa, kuma ya kamata ku nemi a dawo muku da sakamakon duk binciken da aka yi da shi.

Tambaya: Idan har ana wannan musaya kuma ana fitar da hasashe kowace shekara, me ya sa har yanzu ruwa ke cin mutane cikin dare?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin a nan ne ilimin ke yawan maƙalewa. Turai ta kafa tsarin gargaɗin ambaliya na bai-ɗaya bayan ɓarnar da kogunan Elbe da Danube suka yi a 2002, kuma a Yulin 2021 tsarin ya aika wa hukumomi gargaɗi kwanaki kafin ruwan ya sauka, amma duk da haka fiye da mutum 180 suka rasu a Jamus, akasarinsu a kwarin Kogin Ahr, inda da yawa ba su samu umarnin tashi a kan lokaci ba. Sai bayan nan Jamus ta fara aika saƙon gaggawa kai tsaye zuwa kowace wayar hannu da ke yankin haɗari. A Libiya kuwa, wani malamin jami'a ya wallafa bincike a 2022 yana gargaɗi kan halin da madatsun ruwa na birnin Derna ke ciki, kuma a Satumban 2023 madatsun biyu suka ɓalle, dubban mutane suka halaka. Shekara guda bayan haka madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, shekara talatin bayan makamanciyar ambaliya ta 1994.

Bangaladash ta nuna yadda ake cike wannan giɓi. Guguwar 1970 da tunkuɗowar teku da ta biyo ta sun kashe aƙalla mutum 300,000. Daga nan aka kafa rundunar 'yan sa-kai dubbai, maza da mata, waɗanda ke karɓar gargaɗi su bi gida-gida da amsa-kuwwa suna kai mutane mafaka, kuma a lokacin guguwar Sidr ta 2007, duk da ƙarfinta, waɗanda suka rasu ba su kai 5,000 ba. Irin wannan nasara ce ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan Adam ya kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa.

A Afirka ta Yamma akwai ƙarin cikas na harshe. Rahoto yakan fito da Faransanci a wannan gaɓar kogi, da Ingilishi a waccan, alhali masunta da manoman da ke gaɓoɓin biyu suna jin Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci. Hukumar NIHSA, mai sa ido kan koguna da ruwan Najeriya, tana fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara tare da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, haka ma hukumar kula da yanayi ta ƙasar, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina. Shawarata gare ka ita ce ka je ofishin agajin gaggawa na ƙaramar hukumarku tun kafin ruwan farko ka yi tambayoyi uku: ko hasashen bana ya iso gare su, wane ne aka ɗora wa alhakin sanar da masu unguwanni da limamai da gidan rediyo idan labari ya zo da tsakar dare, sannan wane tudu aka ware da mutane za su nufa, kuma ta wace hanya za a kai tsofaffi da marasa lafiya can.