Tutar da Aka Matsar Gefen Tebur

Jikana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan karatu yana tafiya daidai, saƙonka ya iso, kuma ƙanwarka ce ta karanta mini shi har sau biyu, domin idanuna sun daina shiri da ƙananan rubutun waya. Ka ce a wani taro na makarantarku an sa taken ƙasa, kowa ya miƙe tsaye, kai kuwa ka yi zamanka, saboda ba ka ga dalilin girmama tutar ƙasar da ba ta iya ƙayyade darajar kuɗinta da kanta ba. Kana kuma tambayata ko wannan al'ada ta tashi wa tuta da take tana da sauran ma'ana, ko kuwa sabo ne kawai ya sa mu tsofaffi muke riƙe da ita. Da farko dariya na yi, don na tuna cewa wayar da ka rubuto wannan bore da ita a wata ƙasa aka ƙera ta, manhajar da ke cikinta kuma ta wata ƙasar ce dabam. Amma da dare ya raba, sai dariyar ta koma tunani, saboda na san inda irin wannan zaman yake kai matashi in bai sami wanda zai zauna da shi ba.

A shekarar 1960, lokacin da ƙasashen Afirka 17 suka karɓi mulkin kai a shekara guda, ina ɗan firamare. An raba mana ƙananan tutoci, mun yi ta kaɗa su har hannuwanmu suka gaji, kuma abin da muka fahimta a ranar shi ne daga yau babu mai sake gaya mana abin da za mu yi. Da na koma na faɗa wa mahaifina haka, Allah ya jiƙansa, sai ya ce mini mai gida yana da iko da ƙofarsa, amma ba shi da iko da iskar da ke shigowa ta taga. Shi mutum ne da ba ya rabuwa da rediyo, kuma ya bi labarin mashigin Suwez tun daga farko. A 1956 Gamal Abdel Nasser ya mayar da mashigin mallakar Masar, Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai masa yaƙi, kuma a fagen daga suna cin nasara. Sai dai kuɗin Ingila ya shiga tangal-tangal, Amurka ta ƙi tallafa masa sai an janye sojoji, aka kuwa janye, Firayim Minista Anthony Eden ya sauka a farkon 1957. Mahaifina ya ce in har masu mulkin mallaka da kansu akwai mai riƙe da linzaminsu, to kada mu ɗauka tuta za ta raba mu da linzami. Ban gane maganarsa ba sai bayan shekara ashirin da wani abu.

A tsakiyar shekarun 1980 ina ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikata da ke kula da kuɗin gwamnati, aikina shi ne ɗaukar fayil da rubuta abin da aka tattauna a taro. Kafin lokacin duniya ta riga ta juya mana baya ba tare da an yi shawara da mu ba. Babban bankin Amurka, a ƙarƙashin Paul Volcker, ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kusan kashi 20 cikin 100 a 1980 da 1981 domin ya kashe hauhawar farashi a gidansu, sai bashin dala da ƙasashe masu tasowa suka ci a shekarun 1970 ya kumbura a wuyansu, ga kuma kayan da suke sayarwa waje sun yi araha. A watan Agustan 1982 Mekziko ta ce ba za ta iya biya ba, daga nan masu ba da bashi suka rufe jaka ga kowa. Shi Volcker ɗin nan bai taɓa neman ƙuri'armu ba, amma shawarar da ya yanke ta shiga aljihun kowane ɗayanmu.

Ranar da nake son ba ka labarinta, baƙi uku ne suka zo daga wata cibiyar ba da lamuni ta ƙasashen waje. Shugabansu bai kai shekara arba'in ba, mutum ne mai ladabi, bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. A ɗaya gefen teburin ga ministanmu, dattijo mai furfura wanda ya yi gwagwarmayar neman 'yanci tun yana saurayi, ga babban sakatare, ga mu 'yan rubutu a bayansu. A tsakiyar teburin akwai ƙaramar tuta a kan ɗan katako, irin wadda ake ajiyewa a ofisoshin manya. Da baƙin suka fara baza takardunsu wuri ya yi kaɗan, sai ɗayansu ya sa hannu ya matsar da tutar can ƙarshen tebur, kusa da inda ake ajiye kofuna. Na tabbata ba da wata manufa ya yi ba, wuri kawai yake nema. Amma na ga idon minista ya bi tutar har inda ta tsaya.

Aka shafe wuni ana lissafi. Kuɗin ajiyarmu na ƙetare bai wuce na sayo kayan 'yan makonni ba, jiragen ruwa na jira a biya su, asibitoci na jiran magani. Da la'asar suka miƙo wata wasiƙa da aka riga aka buga. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da sunan gwamnatinmu aka rubuta ta, tana cewa mun ƙudurta karya darajar kuɗinmu, mun ƙudurta janye tallafi, mun ƙudurta dakatar da ɗaukar ma'aikata, kamar mu ne muka kwana muna tunanin haka muka aika musu. Wurin sa hannu kaɗai aka bar mana. Minista ya karanta ta a tsanake, ya ja da su a kan sakin layi biyu har aka sassauta wa'adin ɗaya, sannan ya ɗauki alƙalami. Kafin ya sa hannu sai ya waiwayo ya ce da ni: "Yaro, mayar da tutar nan inda take." Na tashi na ɗauko ta na ajiye a tsakiya, a kan takardun baƙin, ɗakin ya yi tsit, sannan ya sa hannu.

Na fito ina huci kamar yadda kake yi yanzu. Na sami babban sakatare a ofishinsa na ce masa ashe 'yancin da muka kaɗa wa tuta na banza ne. Bai ce mini komai ba, sai ya buɗe wani kabad ya ciro fayil-fayil na basussukan da aka ci a shekarun wadata, ya sa ni na riƙa karanto masa sa hannun da ke ƙasan kowace yarjejeniya. Duk na mutanenmu ne. Akwai na masana'antar da ba ta taɓa yin aiki ba, akwai na ginin da aka kafa harsashinsa aka watsar. Da na gama sai ya ce kakansa yakan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya ce baƙin nan ba da bindiga suka zo ba, mu ne muka rubuta musu muka gayyace su, domin babu sauran wanda zai ranta mana.

Kada ka ɗauka mu kaɗai aka yi wa haka. Ingila da kanta ta je wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1976 ta karɓi rancen kusan dala biliyan 4 tare da sharaɗin rage kashe kuɗi. A Janairun 1998 duniya ta ga hoton Shugaba Suharto na Indonesiya ya sunkuya yana sa hannu, shugaban Asusun, Michel Camdessus, yana tsaye a kansa ya harɗe hannuwa a ƙirji, kuma watanni huɗu bayan haka mulkin Suharto na sama da shekara 30 ya ƙare. Da na ga hoton nan sai da na tuna ministanmu. A Yulin 2015 mutanen Girka suka yi zaɓen raba gardama, kusan kashi 61 cikin 100 suka ƙi sharuɗɗan masu binsu bashi, amma bayan mako guda gwamnatinsu ta amince da waɗanda ba su fi su sauƙi ba, saboda bankunansu a rufe suke. A 2022 ma kasuwar takardun bashi ta yi wa kasafin Liz Truss tawaye, ba ta cika kwana 50 a kujerar Firayim Ministan Ingila ba. Sai dai a 1998 Firayim Minista Mahathir na Malesiya ya ƙi karɓar rancen Asusun, ya taƙaita fitar da kuɗi daga ƙasarsa, aka yi ta yi masa dariya, kuma ƙasar ta farfaɗo. Ya iya yin haka ne domin bashin gajeren wa'adi da ake bin ƙasarsa a waje bai kai na maƙwabtansa ba. Tsawon igiyar kowa gwargwadon abin da ya rage a rumbunsa ne.

Akwai kuma igiyoyin da ƙasa ke ɗaura wa kanta da sonta, kuma ban taɓa ganin aibunsu ba. Jirgin sama ba zai tashi daga wannan ƙasa ya sauka a waccan ba sai da ƙa'idojin da aka shimfiɗa a Chicago a 1944, kuma duk ƙasar da ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda aka kafa a 1995, ta yarda ba za ta sa harajin shigo da kaya yadda ta ga dama ba, domin su ma sauran a hana su yi mata haka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wasu abubuwan ma ba su san kan iyaka ba: da tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a Afrilun 1986, Tarayyar Sobiyet ta yi shiru, amma na'urori a Suwidin suka tona asirin bayan kwana biyu. Abin da ke ci mini rai shi ne rashin daidaito. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya ce ƙasashe duka daidai suke a diyaucinsu, amma cikin ƙasashe 193 biyar ne kaɗai ke hawa kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu, kuma a Asusun nan manyan shawarwari sai da kashi 85 cikin 100 na ƙuri'u, alhali Amurka ita kaɗai tana riƙe da sama da 16. A nan kam ba zan musa maka ba.

Inda nake jin haushinku, ku 'yan zamani, shi ne kun iya jera sunayen masu riƙe da igiya, amma ba ku damu da sanin wanda ya miƙa wuya ba. Kuna kwana kuna zagin ƙasashen waje a dandalin da wani kamfani zai iya rufe muku shi da safe, kamar yadda Twitter ya rufe wa shugaban Amurka mai ci a lokacin shafinsa a Janairun 2021, amma da wuya a sami ɗaya a cikinku da ya taɓa buɗe kasafin kuɗin ƙasarsa ya ga abin da ake warewa don biyan bashi, ko ya tambayi wakilinsa a majalisa dalilin ɗaga hannu a amince da sabon rance. Mu ma da laifinmu, kuma shi ne nadamata har yau: fayil-fayil ɗin nan sun ratsa ta hannuna shekara da shekaru ina buga musu hatimi ban karanta ba, sai ranar da aka tilasta mini.

Idan ka zo hutu, ka taho mini da kasafin bana a takarda, da manyan haruffa, mu zauna mu duba layin biyan bashi tare, ka karanto mini sunayen waɗanda suka sa hannu. Ni yanzu gwiwa ta hana ni miƙewa in an sa take, a zaune nake sauraronsa, sai dai nakan cire hannuna daga kan sanda in gyara zama. Ka gaida malamanku, ka kuma riƙa kiran mahaifiyarka, ta ce ta kwana biyu ba ta ji muryarka ba.