Babur ɗin Baba ya shekara 14 a zaure, ta ina zan fara tayar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Honda CG125 da ya saya tun yana koyarwa. Ya kai shekara 14 jingine a zaure, tayoyin sun sace, tankin yana warin tsohon fetur. Ina so in yi amfani da hutun ƙarshen shekara, a cikin sanyin nan, in gyara shi da hannuna a gida. Har na yi magana da mai fenti, ina kuma son in sa masa salansa mai ƙara, in rage tsawon sirdin. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ɗan'uwa, ka koma wurin mai fentin nan ka ba shi haƙuri, ka ce sai an kwana biyu. Na sha ganin babura masu sheƙi kamar amarya a jingine a bango, kuɗin mai su ya ƙare a kan tanki alhali injin bai taɓa tari ba. Fenti shi ne aikin ƙarshe. Sai injin ya tashi, birki ya kama, sannan za ka san nawa ya rage maka na kwalliya.

Ka yi sa'ar babur. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975, bayan injiniyoyinsa sun zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun ga yadda mutane ke jibga wa babur kaya, suna barin baƙin mai har ya yi kauri ba su canza ba. Sai suka ƙera inji mai jure rashin kulawa. Shi ya sa har yau kamfanonin Sin ke kwaikwayonsa, kayan gyaransa kuma ba sa wuya. Da wuya shekara 14 ta kashe shi, in dai ruwa bai shiga silinda ba.

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya, ka nemo takardunsa, ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce. Tunda kayan gado ne, ka kuma ji ta bakin 'yan'uwanka tun yana tsatsarsa, don in ya fito fes maganar ba za ta yi sauƙi ba. Sannan ka ɗauki hotonsa da waya ta kowane ɓangare, musamman hanyar da wayoyin wuta da wayar kuloci suka bi. Bayan sati uku ba za ka tuna ba, hoton ne zai tuna maka.

Kada ka yi masa kik da ƙarfi a ranar farko. Ka kwance fulogi, ka zuba baƙin mai kamar cokali biyu a ramin, ka bar shi ya kwana biyu. Daga nan ka danna kik ɗin da hannu a hankali. In ya juya, ka gode wa Allah, rabin fargaba ta wuce. In ya cije, kada ka hau kansa da ƙafa, ringi zai karye ya karce silinda. Ka ƙara mai da ɗan kananzir, ka yi haƙurin mako guda. In har ya ƙi, sai a sauke kan injin, watakila a kai silindar a ƙara mata faɗi a sa fistin da ya ɗan fi girma. Asalin faɗinta milimita 56.5 ne, kuma ana ƙarawa da kwata-kwatan milimita. Wannan aikin masu injin gyaran silinda ne, ba na zaure ba.

Yanzu maganar hunturu, wadda ita ce ta fi damuna a shirinka. Bushewar iska alheri ce gare ka, ƙarfe ba ya saurin tsatsa, abin da ka wanke yana bushewa nan da nan. Amma ƙurar nan da kake gani a kan tabarma da safe, ita ce babbar abokiyar gabar buɗaɗɗen inji. In ta haɗu da mai sai ta zama kamar samfefa, tana cin ƙarfe a ɓoye. Saboda haka ka yi aiki a ɗakin da ke da ƙyaure, ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, ka toshe ramin fulogi da bakin kafireta da tsumma mai tsabta duk lokacin da za ka tashi, ko da sallah za ka je ka dawo. Kowane abu da ka wanke, ka shafa masa mai ka ƙulle a leda. Notuna kuma ka raba su a gwangwanayen madara, ka rubuta inda kowanne ya fito.

Sai dai ranar da za ka tayar da injin, ka fito da shi tsakar gida. Hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa kamar yadda hayaƙin janareta ke yi, gubar da ke cikinsa kuma ba ta da wari. Kada kuma ka kusantar da kaskon wuta inda kake wanki da fetur, komai sanyin.

Tankin da kafireta su ne za su ci maka lokaci. Tsohon fetur yana daskarewa ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan ramukan kafireta. Ka kwance ta, ka jiƙa ƙarafan, ka hura ramukan da iska har sai ka hango haske ta cikinsu. Kada ka zura allura, za ka faɗaɗa ramin, babur ya riƙa shan mai har abada. Tankin kuwa ka zuba masa 'yan notuna da kananzir ka jijjiga, ka zubar, sannan ka cika shi da binega ya kwana biyu. Ka ɗauraye, ka shanya a rana, ka zuba fetur a ranar don kada tsatsa ta dawo. Wani abu da ke ɓata wa mutane rai shi ne kusoshin murfin inji: kansu irin na Japan ne, sukundireba ta kasuwa tana cinye su. Ka ari irin wadda ake bugawa da guduma.

Ka zubar da tsohon baƙin mai, ka wanke 'yar rariyar da ke cikin murfin zubarwa, ka zuba kusan lita 1 na man babur mai alamar 4T. Man mota yana iya sa kuloci ya riƙa sulɓi, domin a cikin mai ɗaya yake da inji. Tazarar bawul milimita 0.08 ce, a auna injin yana sanyi. In na farkon fitowa ne, wutarsa bolt 6 ce, kada ka sa masa batir mai 12 ka ƙone ƙwayayen fitila.

Tayoyi, tib, takalman birki da wayar birki, duk ka canza su ba tare da ciniki da zuciyarka ba. Tayar da ta shekara 14 ta bushe ko da zanenta bai goge ba, fatar tsohon birki kuma tana iya ɓallewa ta kulle wili kana tsakiyar titi.

Sai kwalliya. Salansa mai ƙara ba ta ƙara wa wannan inji gudu, tana dai rikita ma'aunin mai da iska, injin ya riƙa zafi, maƙwabta su riƙa jin fitarka da asuba. Sirdi kuwa ka yi yadda kake so, amma ka sayo wani na hannu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka yanke shi, ka adana na Baba. Kada ka yarda mai walda ya yanke shasi. Duk abin da za ka canza ya zama wanda ake kwancewa da sifana a mayar. Ni da a ce nawa ne, zan fara wanke tankin da sabulu in goge shi in ga abin da ya rage na asalin fentin, don sau da yawa yana nan a ƙarƙashin ƙura, kuma fentin kamfani ya fi na feshi ƙarko. In dole sai an fesa, ka kai inda ke da rufaffen ɗaki, ko ka jira ƙura ta lafa wajen watan Maris. Kafin nan ka hau shi da tsohon launinsa, ka yi ta zagaya unguwa a hankali, ka canza baƙin mai bayan kilomita 500 na farko.